Ɓawon Lemo a Ɗakin Maza

Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa zazzage mini jaka a gaban jama'a ba sai a asibitin nan. Da furfurata, da jikokina, mace ta tsayar da ni a tsakiyar ɗakin maza marasa lafiya ta kife jakata a kan tebur kamar an kama ɓarauniya a kasuwa. Wallahi har yau ban manta ba. Amma bari in faro daga tushe, kada ku ce tsohuwa ta fara sambatu.

Maigidana direban motar makaranta ne. Yaran da yake kwasa su suka laƙaba masa Sannu-Sannu, don ko mai keke ya wuce shi a hanya ko a jikinsa. Cewa yake yi 'ya'yan mutane ya ɗauko, ba buhunan siminti ba. Ya daɗe da ciwon suga, kuma ba irin masu ciwon nan ba ne da sai an bi su da bulala. Shayinsa lami yake sha. Ni ce ma tausayi kan kama ni wani lokaci in ce ya ɗan lasa wani abu, sai ya ce, "Ke dai so kike ki ci gadona da wuri." Gadon me, jama'a? Tsohuwar rediyo ce da takalmansa na aiki.

Wata ƙusa ce a garejin makaranta ta huda takalmin ta soke shi a babban yatsan ƙafar dama. Bai ma ji ba, don masu suga ƙafarsu ba ta cika jin zafi ba. Ni na ga jini a safa. Aka yi ta wanke ciwon a ƙaramin asibitin unguwa, kafin mu ankara yatsan ya soma baƙi. Aka tura mu babban asibiti, suka ba shi gado.

Likitan tiyata, wani dogo mai magana ƙasa-ƙasa, ya duba ya ce za a cire yatsan a wanke wurin, kuma in aka yi da wuri sauran ƙafar za ta tsira. Ya ɗauki biro ya zana layi a fatar, daidai inda kumburin ya tsaya, don a riƙa ganin ko ciwon na tafiya. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: sai suga ya sauka. Ya ce in aka yanka mutum sugansa na sama, wurin ba ya saurin warkewa.

Maigidana abu ɗaya ya tambaya. "Likita, zan iya taka birki bayan nan?"

"Har da totur," in ji likita. "Yatsa ɗaya ba ya hana tuƙi."

"To a cire shi," in ji maigidana. "Dama bai taɓa tsinana mini komai ba."

Ɗakin da aka kwantar da shi dogo ne, gadaje layi biyu, famfo ɗaya tal a can ƙarshe kusa da banɗaki. Mai ɗakin ita ce shugabar nas-nas. Ƙananan nas suna ce mata Sista Babba, marasa lafiya kuwa a bayan idonta Hukuma suke kiranta, kuma sunan ya bi jiki. Ba zan ce ba ta aiki ba, kada in ɗau alhaki. Tana aiki kamar ba gobe. Amma mace ce da idan ta riga ta yanke hukunci a ranta, ko rantsuwa ka yi da abin da zai kashe ka ba za ta saurare ka ba.

Dokarta ta farko ita ce masu jinya ba sa shiga sai likitoci sun gama zagayen safe. Mai gadi na zaune a bakin ƙofa da sandarsa. Saboda haka duk abin da ake yi da safe ni ba na gani, sai labari. Da gari ya waye, kafin a kawo abin kari, nas za ta bi gado-gado da ɗan farantinta. Ta goge yatsan mutum da auduga da sifirit, ta tsaga, ta ɗiga jini a 'yar na'ura, ta rubuta abin da ya fito. Wannan gwajin na safe shi ne alƙali. Idan ya yi kyau a wuce da kai ɗakin tiyata, idan ya haura ka koma ka jira. Da yamma kuma su sake gwadawa, ina wurin.

Gadon da ke kusa da na maigidana akwai wani bawan Allah da kowa ke kira Mai Walda. Wuta ce ta tashi a shagonsa ta cinye masa hannaye, an naɗe su da bandeji har gwiwar hannu. Ƙato ne, amma ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai dai ya hura masa iska. 'Yarsa ɗaya ce ke jinyarsa, ita ma sai ta tashi daga aiki take zuwa. Takan zo masa da lemo, don likitansa ya ce yana taimaka wa masu ƙuna. Cikin ɗan lokaci suka shaƙu da maigidana, yana ce masa Yaya, ni kuma Matar Yaya.

To, abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, gwajin yamma kullum lafiya ƙalau yake fitowa, na safe kuwa sai ya haye sama. Aka sa ranar tiyata, aka ɗaga. Ƙaramin likitan da ke kula da ɗakin ya ƙara masa yawan allurar insulin da ake yi masa da yamma, wadda ke saukar da suga. Gari ya waye, abin na nan. Aka sake ɗagawa, aka sake ƙara allura. Ni kuwa duk zuwan da na yi, ƙafar nake fara dubawa kafin fuskarsa. Jan ya tsallake layin biro, an zana wani a gaba da shi.

Ranar da abin ya faru na shigo ɗauke da kwanon abincinsa, dafaffen ganye da kifi, na tarar da Hukuma tsaye a tsakiyar ɗaki tana jirana.

"Baiwar Allah, zo nan. Kawo jakarki."

Na ce, "Lafiya?"

"Lafiyar ce ta kawo haka. Mutum da yamma sugansa daidai, da safe ya tashi. Me kike bar masa in za ki tafi?"

Kafin in buɗe baki ta fizgi jakar ta kife a kan tebur. Makullan gida, tsohon madubi, maganin ciwon gwiwata, har ɗan zanen da nake shimfiɗawa in zauna, duk suka watse. Maza kwance suna kallo. Sai ga ƙullin alawa ya faɗo. Ta ɗaga shi sama tana juyawa don kowa ya gani.

"Kun gani ko? Ai na faɗa."

Na ce, "Sista, ki ji tsoron Allah. Wannan alawar tun da aka fara yi masa allura likitansa ya ce kada in rabu da ita. In suga ya faɗi ya fara karkarwa, ita ake jefa masa a baki. Ke ma kin fi ni sani."

"Na sani mana. Na kuma san duk wadda na kama haka take cewa." Ta jefa ƙullin a aljihun riga. Sannan ta sa ƙafa ta jawo kwandon sharar da ke ƙarƙashin gadonsa. "Wannan kuma fa? Shi ma likita ne ya rubuta?"

Ɓawon lemo ne cike da kwandon. Na juya na dubi maigidana.

Ya ce, "Sista, ba ni nake sha ba. Maƙwabcina nake ɓare wa. Da safe ba kowa a wurinsa, ku kuma aiki ya yi muku yawa. Nakan ɓare in sa masa a baki kafin ku fara zagaye. Ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba."

Mai Walda ya ɗago kai ya ce, "Wallahi gaskiya Yaya ya faɗa. Ni nake sha. Har roƙonsa nake ya ɗanɗana, ya ƙi."

Hukuma ta yi wata dariya da ban taɓa jin mai ciwo irinta ba. "Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne. Mutum ya ɓare lemo da hannunsa, ƙamshi na dukan hancinsa, ya ce bai sha ba? To na'ura ce ke ƙarya?" Ƙananan nas suka taya ta dariya. Nan take ta kira mai gadi ta ce daga yau duk shigata da fitata a caje mini jaka.

Ku dubi wannan abu fa. Mutum ya buɗe baki ya faɗi gaskiya tsirara a gaban kowa, da shaidarsa. Ba wanda ya tsaya ya ce bari mu duba maganar nan. Sun riga sun sami mai laifi, ga ta nan tsaye tana tsince makullanta a ƙasa, me kuma za su nema?

Da Hukuma ta tafi na zauna a bakin gado. Na ce, "Malam, don girman Allah ka rabu da lemon nan. Ka ga abin da ya jawo mana."

Ya nuna Mai Walda da haɓa ya ce, "Ki dube shi."

"Na dube shi. Ƙafarka nake ji."

"Lemon da ban sha ba ne zai hana ƙafata warkewa? Abin kari sai ya huce a gabansa kafin a sami mai ba shi. In na daina, su za su yarda da ni? Ba za su yarda ba, shi kuma ya wuni da yunwa." Haka yake tun muna da ƙuruciya. Magana a hankali, amma in ya kafe ko jaki albarka. Abin da kawai ya canza shi ne ya koma zuba ɓawon a kwandon Mai Walda.

Labari kuwa ba ya kwana a asibiti. Matan da muke zaman jira tare a baranda suka fara ja da baya da kwanukansu. Na ji wata tana raɗa wa 'yar'uwarta, "Ita ce mai alawar." Har gida maganar ta kai. Yayar maigidana ta zo takanas, ko zama ba ta yi ba ta ce, "An ce ke kike kashe mini ƙani da kayan zaƙi." Matar da na yi wa jinya da hannuna lokacin da ta karye! Na ce, "Yaya, in kashe shi nake so, ai da ban jira muka tsufa ba." Ta tafi tana ƙunƙuni.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da nake gani a jikinsa. Mai Walda ya ce mini, "Matar Yaya, da safe fa Yaya jiƙewa yake yi sharkaf da gumi, hannunsa na rawa, har lemon kan suɓuce masa. Sai ya karya yake dawowa daidai." Na tare ƙaramin likitan a baranda na faɗa masa. Yaro ne mai ladabi, idanunsa jajur don gajiya. Na ce ni dai a gida in ya yi haka faɗuwa sugan ya yi, ba hawa ba.

Ya ce, "Mama, na ji ki. Amma ga abin da gwaji ke nunawa kullum. Ciwon ƙafar ma na sa gumi da zazzaɓi. Ki taimaka mana ta ɓangarenki kawai."

Ta ɓangarena! Wato shi ma an riga an karanta masa. Ni ma kuwa ban san yadda mutum zai yi karkarwar faɗuwar suga na'ura kuma ta ce ya hau ba. Na koma ciki. An zana sabon layi, wannan karon ya wuce tsakiyar ƙafa ya doshi idon sawu. Wurin ya fara wari, maigidana yana ta jan bargo yana rufewa don kada in ji.

Da likitan tiyata ya sake leƙowa ya ga ƙafar, ransa ya ɓaci. A gabana Hukuma ta ce masa, "Mara lafiyar ba ya kiyayewa, iyalinsa ma ba sa ba mu haɗin kai." Ya yi mini wani kallo ta saman tabarau, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ba za a ƙara jira ba, gobe za a shiga ko suga ya sauka ko bai sauka ba. Kada maigidana ya ci komai da safe, kuma likitar da ke sa mutane barci kafin tiyata za ta zo ta duba shi tukuna. Aka ce in zo da wuri in sa hannu.

Wannan ne karon farko da na ga ɗakin da safe. Mai gadi ya caje ni na wuce. Tun daga nesa na ga ba lafiya. Maigidana na jingine da filo, riga ta manne masa, leɓensa na rawa. Mai Walda na ta kiran nas. Na kama kafaɗarsa na ce, "Malam! Malam!"

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ce, "Yara sun gama shiga? A rufe ƙofar baya."

Na ƙwalla ƙara. Nas ta zo da gudu da farantinta, ta goge yatsa, ta tsaga, ta duba. Ta miƙa wa Hukuma na'urar. Hukuma ta girgiza kai ta ce, "Ko a ranar tiyata ba za ku bari ba? Kawo insulin." Ta zuƙi allura tana ɗaga ta sama tana ɗan ƙwanƙwasawa.

Daidai nan likitar sa barci ta shigo. Wata 'yar gajeruwar mace ce mai furfura a goshi, ba ta da hayaniya. Ta dubi fuskarsa, ta dubi rigar, ta kama hannunsa za ta ji bugun jini. Sai na ga ta tsaya. Ta murza yatsunta, ta ɗaga hannun nasa ta kai hanci.

"Sista, dakata da allurar nan. Me ya taɓa?"

Mai Walda ya ce, "Lemo ya ɓare mini, likita. Da ƙyar ma ya gama."

"Wa ya wanke masa hannu kafin a gwada?"

Nas ta ce, "Mun goge da sifirit."

"Ban ce gogewa ba. A kawo ruwa da sabulu, maza."

Aka ruga can ƙarshen ɗaki aka ɗebo ruwa a roba. Da kanta ta wanke masa hannun, ta tsane da tawul, ta karɓi na'urar ta gwada. Ta duba, ta juya wa Hukuma fuskar na'urar. Ban ga abin da aka rubuta ba, amma na ga fuskar Hukuma, ita ta gaya mini komai.

"Sugansa ya faɗi ƙasa warwas," in ji likitar. "Da kin yi masa allurar nan da sai dai wani ba shi ba. A kawo ruwan suga na jijiya."

Aka ce yana cikin sito, mai riƙe da makulli ta sauka ƙasa. Wata ta ruga nemanta. Likitar ta ɗan mari kumatunsa ta ga yana iya haɗiya, ta ɗaga murya ta ce, "Kafin nan, wa ke da alawa ko suga a nan?"

Duk wanda ke kwance ya juyo yana kallona.

Na ce, "Ina da ita, likita. Tana wurin Sista."

Hukuma ta je teburinta ta jawo aljihun tebur. Ta daɗe tana lalube. Abin da ta fito da shi ledar ce kawai da 'yan takardun naɗi. Ashe 'yan aikin ɗakin sun bi alawar ɗaya bayan ɗaya sun tsotse. Alawar da aka tozarta ni a kanta, wadda aka ɗaga sama aka nuna wa duniya!

Mai Walda ne ya yi ihu, "Lemo! Akwai saura a lokar gefen gadona!"

Na fizgo ɗaya, na fasa shi da haƙori, likitar ta tallabe kansa, na riƙa matsa masa a baki a hankali yana haɗiya. Ran nan ne kaɗai na taɓa ba shi abin zaƙi a asibitin nan, kuma likita ce ta sa ni. Can aka kawo ruwan jijiya aka ɗaura. Jim kaɗan idonsa ya dawo, ya dube ni ya ce, "Ke, me kike ɗura mini haka? So kike Sista ta kama mu?"

Likitar ta yi wa nas-nas bayani, muryarta ba ta tashi ba. Ta ce ruwan lemo yakan bushe a fata, sifirit kuma ba ya fitar da shi. In aka tsaga yatsan, jinin sai ya kwaso zaƙin ya kai wa na'ura. Da yamma gwajin ke fitowa daidai saboda ina wanke masa hannu in na zo da abinci. Da safe kuwa famfo na can nesa, shi ba ƙafar zuwa, sai ya goge a tawul. Ta ce, "Duk kwanakin nan lemo kuke gwadawa, kuna yi wa mutum allura."

Nan fa na tashi. Na manta da asibiti, na manta da furfura. Na ce, "Ya gaya muku! A nan, a kan gadon nan, ya ce ɓarewa yake yi. Kuka yi masa dariya. Kuka mai da ni ɓarauniya, kuka mai da shi maƙaryaci. Ruwa da sabulu fa, jama'a! Ruwa da sabulu kawai!"

Kun san abin da Hukuma ta ce? Ta gyara hularta ta ce, "Ai da ya bi doka bai taɓa abincin wani ba, da duk haka ba ta faru ba."

Wallahi da ba don likitar ta dafa kafaɗata ba, da ban san abin da zan aikata ba.

Da hantsi likitan tiyata ya zo ya kwance bandejin. Ya daɗe yana kallo. Ya danna nan, ya danna can, ya sa aka ja labule. Ya ce maganar yatsa ta wuce. Ciwon ya ci ƙafar ya shiga ƙashi, in ana son a tsira da ransa sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Maigidana ya dubi ƙafar. Can ya ce, "Likita, birki fa?"

Likitan ya sunkuyar da kai yana mayar da murfin bironsa. A bayan labule na ji Mai Walda yana kuka kamar yaro. Da na fito hawaye na bin gemunsa, ba hannun sharewa. Ni na share masa da gefen mayafina, don in na bar shi haka maigidana ba zai yafe mini ba.

Aka yi tiyata. Bayan ya farfaɗo, Mai Walda ya rantse shi da lemo har abada, ya ce wa 'yarsa kada ta sake kawowa. Maigidana ya ce, "Kai, bar wannan magana. Lemo bai yi laifi ba. Ki ci gaba da kawowa, 'yata." Da ya sami ƙarfin zama ya koma ɓare masa. Bambancin kawai, yanzu nas na zagayawa da roba da sabulu kafin gwaji, kuma suna yi suna ɗaga hanci kamar su suka ƙirƙiro.

Ba wanda ya ba mu haƙuri. Ƙaramin likitan in ya hango ni sai ya canza hanya. Hukuma ta ce mini ƙaddara ce, kowa da abin da Allah ya rubuta masa. Na ce na yarda da ƙaddara, amma Allah bai hana kowa wanke hannu ba. Yayar maigidana ta zo ta yi kukanta ta tafi, ba ta ce mini ci kanki ba. Makaranta suka aiko da gaisuwa da zanen da yara suka yi na mota, suka kuma ɗauki sabon direba.

Ranar sallama na tattara kayanmu. Ɗanmu ya tura shi a keken marasa lafiya suka yi gaba, ni ina baya da jaka. A bakin ƙofa mai gadi ya tare ni da sandarsa.

"Mama, jaka."

Na ce, "Har yau?"

"Ba a ce in daina ba."

Gaskiyarsa, ba wanda ya tuna ya janye dokar. Na ajiye masa jakar. Ya zuge, ya fito da kofi, ya fito da tawul da 'yar rediyo. Sannan ya zaro takalmi, baƙi, na aiki, wanda na goge da hannuna ranar da za mu zo, da 'yar hudar ƙusa a tafinsa. Ya juya shi, ya sake leƙa cikin jakar yana lalube.

"Mama, kin manta ɗayan a ciki."

Na nuna masa keken da ke tafiya a baranda. Na ce, "Ga ɗayan can a ƙafarsa. Wannan kuwa riƙe shi ka kai wa Sista Babba. Ka ce mata abin da aka kama a jakata ke nan yau."